Yadda Ubale Ya Rasa Katin Tanimu

Akwai wani aibi da na daɗe ina lura da shi a cikin mutanenmu, masu ilimi da marasa shi, wato idan muka ƙaunaci abu sai mu hana shi numfashi. Mukan sayi kujera mu bar ta a cikin ledarta shekara biyar. Mukan sayi littafi mu kulle shi a kabad kada yara su taɓa, har gara ta riga kowa karanta shi. Muna kiran wannan hali tattali, alhali sau da yawa tsoro ne kawai, haɗe da ƙyuyar tambaya. Mai tattali na gaskiya yakan fara sanin mene ne abin da ke hannunsa, da abin da ke cutar da shi, kafin ya yi wani yunƙuri. Mu kuwa da yunƙurin muke farawa. Labarin Ubale Sani Gwarzo, wanda na sani fiye da shekara goma a Kuala Lumpur, ya isa misali, kuma har yau ba na iya tuna shi ba tare da raina ya ɓaci ba.

Mahaifin Ubale akawu ne a gidan waya na Gusau, inda aiki ya kai shi. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu, sai yayarsa Daso, wadda ta girme shi da shekara goma sha shida, ta ɗauke shi ta raine shi tare da nata 'ya'yan. Abin da ya gada daga ubansa bai wuce wata ɗabi'a ba: idan aka miƙa masa wasiƙa, bayan ambulan yake fara dubawa. Daga hatimin da aka buga a kan kan sarki yakan gaya maka ranar da wasiƙa ta tashi, da garuruwan da ta kwana, da inda aka yi sakaci da ita. Ya zo Malesiya a 2009 don karatun kasuwanci a wata kwaleji mai zaman kanta. Da ya gama sai ya samu aiki a wani ofishin tura kaya kusa da Jalan Masjid India, inda ake ɗaure hijabai da jallabiyu a kwali ana aikawa Kano. Ya auri Walida, suka kama gida a hawa na tara a unguwar Brickfields. Mutum ne mai shiru, mai riƙon salla, ba a taɓa jin sa da kowa ba.

A Brickfields ɗin ne ya san wani dattijo Batamile, ɗan asalin Indiya, Mista Periyasami, mai ƙaramin shago na tsofaffin kan sarki da ambulan a saman wani gidan abinci. Ubale yana kiransa Ankul, kamar yadda ake kiran dattawa a garin. Kowace Lahadi yana can. Shi wannan dattijo ne ya fara nuna masa katunan da fursunonin yaƙi suka aika gida a Yaƙin Duniya na Biyu. Wasunsu bugaggu ne tun daga sansani, fursuna ba ya rubuta komai sai ya soke abin da bai shafe shi ba: ina lafiya, ina asibiti, ina aiki. A kan kowanne akwai hatimin jami'in da ke tace wasiƙu kafin su fita. Ubale ya kamu da son su. Ya koyi ɗaukar su da hantsaki, ya koyi ajiye su nesa da rana da laima, ya koyi bambanta hatimi na gaske da na jabu. Ban ga laifi a cikin wannan ba. Akwai samarinmu da yawa da Lahadinsu ke ƙarewa a manyan kantunan Bukit Bintang ba su ƙaru da komai ba.

A 2017 Ankul ya fito masa da wani kati da ya zo a cikin kayan wani mamaci daga Penang. Rubutun fensir ne da haruffan Larabci, layi goma sha ɗaya. Mamacin ya saye shi ne a zaton rubutun Malayanci ne na dā, amma duk malamin da aka nuna wa sai ya ce haruffan ya sani, maganar ce bai sani ba. Ubale ya ɗauka da hantsaki, ya karanta layin farko, sai ya nemi kujera. Ajamin Hausa ne. Wani soja ne mai suna Tanimu, daga ƙasar Damagaram, cikin waɗanda Faransa ta kwasa zuwa yaƙi, ya rubuto wa uwarsa Ɗelu daga wani sansanin Jamusawa a 1941. A gefen adireshi akwai hatimi na tawada shunayya mai cewa ba a yarda da wannan harshe ba. Ke nan katin bai taɓa barin Turai zuwa gida ba, kuma Ɗelu ba ta taɓa jin abin da ɗanta ya ce mata ba.

Daga ranar Ubale ya ƙudurta abu guda. Ƙungiyar masu tara kan sarki da yake halarta tana yin baje koli, inda kowa ke jera kayansa a shafi goma sha shida a bayan gilashi, alƙalai su duba. Ya yi niyyar ya haɗa jeri na katunan fursunoni, ya sa na Tanimu a tsakiya, domin maganar da aka tsare tun kafin a haifi ubansa ta fito gaban jama'a. Shekara shida ya yi yana neman katunan da za su raka shi, har suka kai ashirin da uku tare da shi.

Sau ɗaya tak ya karanta mini shi, wata Asabar da hantsi. Da ya gama na ce, “Ubale, ba ni takarda in kwafe wannan. Ko ka ɗauke shi a waya.”

Ya ce, “Malam, sai bayan baje koli.”

“Me zai hana yau?”

“Kai ma ka san mutanenmu. Ya shiga waya yau, gobe ka gan shi a guruf ɗin 'yan Najeriya an ce wasiƙar wani waliyyi ce, wanda ya tura wa mutum goma zai ga buɗi.”

Na yi dariya, na ƙyale shi, kuma wannan dariya tana cikin abubuwan da nake nadama. Gefen adireshi kaɗai ya yi wa hoto, saboda shi ne zai juya wa bango a ranar baje koli, alƙalai kuma za su so ganinsa. Na rubutun kuwa, ya taƙaita shi a jimla guda ta Turanci a ƙasan shafi. Ban da wannan, layi goma sha ɗayan nan ba su da wani mazauni a duniya sai a kan wannan ƙyallen takarda.

An sa baje kolin wata Asabar a watan Agusta na 2023. A watan Yuli Walida ta haifi 'yarsu ta fari, Fiddausi, Yaya Daso kuma ta taso daga Kano don ta kula da mai jego. Wajibi ne a san wace ce Daso, domin a yi mata adalci. Tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, mai tsari, mai tausayi, wadda ba ta saba a ja da ita ba. Wata shekara ruwan sama ya rushe mata ɗaki ya jiƙe takardar shaidarta ta malanta, ta yi shekara biyu tana zarya a ma'aikatar ilimi kafin a ba ta wata. Tun daga nan ta yi imani da lamineshin, wato a saka takarda tsakanin leda biyu a bi ta da inji mai zafi har su manne. Takardar haihuwa, katin asibiti, sakamakon jarrabawar jikoki, har katin gayyatar aurenta, babu wanda ya tsira. Ba ita kaɗai ba ce. A wurinmu, alamar takarda tana da daraja ita ce a gan ta tana ƙyalli a cikin leda.

Ta lura cewa kullum ƙaninta ya dawo daga aiki sai ya buɗe wani akwati, ya duba, ya yi tsaki, ya yi ƙorafin laimar garin. Wata rana ta tare shi a falo.

“Ubale, wai me ke cikin akwatin nan da kake lallaɓawa? Ga jaririyar gaske can, ko minti biyar ba ka yi da ita a hannu.”

“Takardu ne masu muhimmanci, Yaya.”

“Na makaranta?”

“Ai sun fi na makaranta.”

“Sun fi na makaranta, shi ne ka bar su tsirara a garin da gishiri ke narkewa a cikin kwalba?”

Ya yi murmushi, ya rufe akwati, ya ce ai yana kula. A nan ne laifinsa na farko yake. Matar da ta raine shi ta yi masa tambaya sau uku, ya ga ba ta kai a yi mata bayani ba. Da ya ba ta minti goma, ya karanta mata maganar Tanimu, na tabbata da ta yi kuka, kuma da ta zama mai gadin akwatin. Sai ya ba ta amsar da a kunnen duk wani ɗan Najeriya ma'anarta ɗaya ce: a kai wa mai inji.

Ranar Talata, saura kwana huɗu, yana wurin aiki, Walida tana ɗaki da jaririya, Daso ta ɗauki akwatin ta sauka wani kedai, wato ƙaramin shago, na masu buga takardu a ƙasan ginin. Ta zare katunan ɗaya bayan ɗaya daga shafukansu, don a riƙa ganin gaba da baya. Mai shagon, kamar yadda ya faɗa daga baya, ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

“Anti, wannan tsohuwar takarda ce sosai. Zafi ba shi da kyau gare ta.”

Ta amsa da Turancinta na shugabar makaranta, “Don tsohuwa ce na kawo. Da sabuwa ce me zai kawo ni?”

“Mai su ya sani?”

“Ni na goya mai su. Kunna injinka.”

Ya kunna. Ta tsaya a kansa har ya gama duka ashirin da ukun, ta sa ya datse gefunan da kyau don kada su yanki hannu.

Da la'asar Ubale ya shigo ya tarar an jera su a kan teburin cin abinci, suna sheƙi. Daso tana zaune a gefe fuskarta cike da annuri.

“Zo ka ga aikin da ya kamata ka yi tun tuni. Tsaya ma ka gani.”

Ta ɗauki katin Tanimu, ta tsoma shi a cikin kofin ruwa, ta fito da shi, ta goge da bakin mayafinta, ta miƙa masa.

“Ka gani? Ko a teku ya faɗa. Yanzu sai ka huta da tsaki.”

Walida ta ce ta leƙo daga ƙofar ɗaki ta ga mijinta ya karɓi katin. Sannan ya ɗan russuna ya ce, “Na gode, Yaya. Allah ya saka da alheri.” Ba na ganin laifinsa a kan wannan. Mutum ba ya ɗaga murya ga wadda ta zame masa uwa, balle a kan abin da ta yi don ƙaunarsa. Amma fushin da aka hana fita ta ƙofa ɗaya yakan nemi wata, sai ya shiga ɗaki ya sauke shi a kan mai jego.

“Walida, kina ina aka fita da akwatin nan?”

“Ina nan ina shayarwa, Abban Fiddausi. Ina kake so in kasance?”

“Ba ki iya hana ta ba?”

“In hana Yaya? In ce mata me? Shekara huɗu muna tare, ban da ‘kada ki taɓa’ me ka taɓa gaya mini a kansu? Ni wallahi har na yi zaton na wata tsohuwar budurwa ne.”



Washegari ya kwashe su ya kai wa Ankul. Dattijon ya ɗaga katin Tanimu a hasken taga, ya juya shi, ya ajiye, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

Ya ce, “Ɗana, gaskiya biyu zan gaya maka. Ta farko, alƙalai ba za su karɓa ba. Suna son su ga takarda, ba leda ba. Ta biyu, rubutun yana nan, ko harafi ɗaya bai ɓata ba. Ka bar shi yadda yake. Ka koma gida yau ɗin nan ka kwafe shi.”

“Ankul, ba za a iya ɓare ledar ba?”

“Gam ya riga ya shiga jikin takardar. Shi kuma fensir a fuska yake zaune, ba ya nutsewa kamar tawada. Ka ja leda, da maganar za ta tafi. Na ga an gwada, ban ga wanda ya yi dariya bayan ya gama ba.”

Sannan ya yi masa tayin da ya dace da mai hankali. Ya ce zai roƙi shugabannin ƙungiya su ba shi tebur a wajen gasa, kusa da ƙofa, ya ajiye katin, ya karanta wa duk wanda ya tsaya. Ubale ya ce bai yi shekara shida yana wahala don a ajiye shi a bakin ƙofa kusa da mai sayar da shayi ba.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna al'amarin da kyau, domin mutane da yawa da suka ji labarin sun ɗora wa Daso laifin duka, kuma wannan kuskure ne. Abu biyu ke cikin katin nan: darajarsa a idon alƙalai, da maganar Tanimu. Daso ta kashe na farko cikin rashin sani. Na biyun kuwa, wanda shi ne dalilin da Ubale ya ce ya fara aikin tun asali, yana nan da ransa ranar Laraba, kuma an ba shi hanyar fito da shi gaban jama'a ranar Asabar. Da maganar Tanimu ce a gabansa, da teburin bakin ƙofa ya ishe shi, har ma ya fi, tunda kowa ta ƙofa yake shiga. Ƙin da ya yi ya nuna cewa a wani wuri cikin shekara shidan nan niyya ta sauya ba tare da ya lura ba. Ya fara don Tanimu, ya ƙare don Ubale.

Ranar Alhamis da safe Daso ta raka Walida asibiti a yi wa jaririya allurar rigakafi. Ubale ya ɗauki hutun yini. Ya kalli wani bidiyo a waya inda wani ke ɓare leda daga takardar shaida da dutsen guga da reza. Ya gwada a kan katin wani sojan Ingila mai rubutun tawada, ledar ta ɗago, takardar ta ɗan yage a kusurwa, amma rubutu ya tsaya. Wannan rabin nasara ita ta ƙarasa shi. Ya ɗauko katin Tanimu. Alƙalami yana kan teburin, waya tana hannunsa, kwafe layi goma sha ɗaya ba zai ci minti biyar ba. Da na tambaye shi daga baya me ya hana, sai ya ce, “Malam, na ce in na gama sai in kwafe a tsanake.”

Ya shimfiɗa ƙyalle, ya ɗora dutsen guga, ya sa reza a gefe, ya ja. Katin yaƙi takarda ce mara kyau tun asalinta, ga shekara tamanin a kanta. Ta rabe biyu, fuskar da ke ɗauke da rubutun ta bi ledar. A cikin firgici ya mayar, ya sake danna dutsen don su koma su manne, ya manta da ƙyallen. Ledar ta narke, ta tattare, ta kama ƙasan dutsen. Abin da ya kankaro daga baya wani baƙin dunƙule ne da bai kai girman dabino ba.

Da azahar ya kira ni, muka haɗu a wani gidan abinci na mamak, wato na Indiyawa Musulmi, kusa da tashar jirgin ƙasa ta KL Sentral. Shayin da aka kawo mana ya huce ba wanda ya taɓa. Na fito da takarda na ce ya faɗi abin da ya tuna tun bai gudu ba. Abin mamaki, mutumin da ya yi shekara shida da katin ya fi sanin faɗin hatiminsa da launin tawadarsa fiye da kalmominsa, don ya daɗe da daina karanta shi, dubawa kawai yake yi ko fumfuna ta kama. Layi huɗu muka iya tsayarwa ba gardama: gaisuwa ga Inna Ɗelu, da cewa yana nan da rai a hannun Jamus, da cewa sanyi ya cinye masa yatsu biyu na ƙafa, da roƙon kada a yi masa sadakar mutuwa, don bai mutu ba. A layi na biyar muka saɓa. Shi ya ce Tanimu ya hana a sayar da saniya, ni kuma ina jin gona na ji. Sauran shidan, akwai sunayen mutane da na ƙauye a ciki, sun tafi.

Ranar Asabar bai je ko'ina ba. Ya gaya wa yayarsa cewa an ɗage taron. Ta koma Kano bayan arba'in ba tare da ta san komai ba, kuma ina jin har yau tana ba da labarin yadda ta ceci takardun ƙaninta daga laimar Malesiya. Sauran katunan ya kai su ya bar su a shagon Ankul, bai koma ɗauka ba, Lahadinsa kuma ta koma ta zaman gida.

A shekarar da ta biyo baya kamfaninsu ya buɗe reshe a Kano, ya roƙa a mayar da shi, aka mayar. Yanzu yana kusa da Kantin Kwari yana karɓar kwalayen da a dā yake ɗaurewa. Sau biyu ya hau mota zuwa Damagaram a lokacin hutunsa, yana bin unguwanni da ƙauyukan gefe yana tambayar zuriyar wani Tanimu ɗan Ɗelu da aka kai yaƙin Turawa, da niyyar ya isar musu da layi huɗun nan. Ba shi da sunan ƙauye, don adireshin da ke hoton bai wuce Damagaram ba, Tanimu kuma ba ɗaya ba ne a ƙasar. A zuwa na biyu aka kai shi gaban wani tsoho da ya ce lallai an yi wani baffansa mai wannan suna da ya tafi bai dawo ba, amma bai tuna sunan uwarsa ba. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya miƙo hannu ya ce, “To, yaro, mu ga takardar.” Ubale ya ce babu. Aka ba shi ruwa, aka yi masa addu'ar sauka lafiya. Bai sake komawa ba.